Batir ake fara zanawa kafin a zana motar tsere mai lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan rahoton da kuka buga kwanakin baya a shafin wasanni game da motocin tsere masu kujera ɗaya da ke aiki da lantarki. Na ji daɗi ƙwarai da aka kawo wannan batu da Hausa, domin matasanmu masu karatun injiniya suna da buƙatarsa. Sai dai akwai magana ɗaya da ta tsaya mini a rai, wato inda marubucin ya nuna cewa motar ba ta da wani bambanci da ta fetur, illa an cire inji an sa batir. Ba haka abin yake ba. Duk wanda ya ɗauki wannan magana ya zauna zanen mota da ita, zai ƙera abin da zai tashi da gudu kamar harsashi, amma ya tsaya cak kafin a kaɗa tutar ƙarshe, ko dai caji ya ƙare ko zafi ya kashe shi.

Asalin matsalar lissafi ce. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 12. Kilo ɗaya na ƙwayoyin batirin litiyom masu kyau, wato ƙananan baturan da ake haɗawa su zama babban batir, kusan rubu'in kilowat-awa ɗaya kawai yake ɗauka, kuma wannan kafin a ƙara nauyin akwati da wayoyi da bututun sanyaya. Mu ɗauki motar Formula E, gasar tseren motocin lantarki ta duniya, ta zubi na biyu, wadda ta fara tsere a kakar 2018 zuwa 2019. Batirinta, wanda kamfanin McLaren Applied Technologies ya samar, nauyinsa kilo 385 ne, yana riƙe kilowat-awa 54. Wato makamashin da ke cikin fetur kilo huɗu da rabi ake ɗaukar wa kaya mai nauyin kilo 385, a motar da nauyinta duka har da direba kilo 900 ne. Gaskiya ne injin lantarki yana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka ba shi ya zama gudu, alhali injin fetur mafi inganci na Formula 1 da kyar ya haura rabi, amma wannan bai cike giɓin ba ko kusa. Ga kuma wani abu: motar fetur tana ƙara sauƙi yayin da mai ke ƙonewa, batir kuwa da caji da babu caji nauyinsa ɗaya.

Shi ya sa lokacin da gasar Formula E ta fara a birnin Beijin a watan Satumban 2014, kowane direba motoci biyu yake da su. Batirin farko na kamfanin Williams kilowat-awa 28 kawai ake iya ci daga cikinsa, don haka idan aka kai tsakiyar tsere sai direba ya shiga gareji, ya fito daga wannan ya faɗa waccan. Shekara huɗu ana haka. Injin bai taɓa zama matsala ba, tun a lokacin yana ba da kilowat 200. Rumbun ne ƙarami.

To ta ina mai zane yake farawa? Da hanyar tseren yake farawa, a cikin kwamfuta, tun babu ko ƙusa ɗaya. Zai shigar da tsawon kowane miƙaƙƙen layi da lanƙwasar kowace kwana, ya yi ƙiyasin nauyin mota da riƙon taya da turjiyar iska, manhaja ta fitar masa da makamashin da zagaye ɗaya zai ci da wanda birki zai mayar. Daga nan ne girman batir yake fitowa. Girman batir ya ba da nauyi, nauyi ya canja lissafin farko, a sake komawa baya. Akan zagaya wannan lissafi sau da yawa kafin lambobi su daidaita, domin gaba kura ne baya sayaki: ka ƙara ƙwayoyi don caji ya isa, mota ta yi nauyi ta ƙara cin caji, ka rage su, kowace ƙwaya ta ɗauki aiki fiye da kima ta yi zafi.

Gasar ɗaliban jami'o'i ta Formula Student ita ce wurin da ya fi sauƙin ganin wannan lissafi a fili, saboda dokokinta a bayyane suke. Ba a yarda wutar batir ta wuce bolt 600 ba, ba a yarda a ja fiye da kilowat 80 ba, kuma motar za ta yi tseren juriya na kilomita 22. Ƙwayar litiyom ɗaya idan ta cika tana ba da bolt 4.2, matsakaicinta 3.7. A jera 140 a layi ɗaya, a samu bolt 588 a cike, 518 a matsakaici. Idan kowace tana riƙe amfiya-awa 13, jimlar ta kusa kilowat-awa 6.7. Doka ta ce a raba batirin rukuni-rukuni yadda kowane rukuni ba zai wuce bolt 120 ba, don mai gyara ya iya cire haɗin ya yi aiki a kan wutar da ta fi sauƙin sarrafawa, saboda haka a yi rukuni biyar, ƙwaya 28 a kowane, bolt 117.6 ke nan. Yanzu a ja kilowat 80 daga bolt 518: wutar da za ta ratsa kowace ƙwaya ta haura amfiya 150.

A nan gizo yake saƙa. Zafin da waya ko ƙwaya ke haifarwa ba ya tafiya kai da kai da yawan wutar da ke ratsawa. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa masu zane suke hawa sama da bolt iyakar abin da doka ta yarda. Mota mai kilowat 350 a kan bolt 400 za ta ja amfiya 875, a kan bolt 800 kuwa kusan 440, zafin wayoyin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a kuma samu damar sa kebul siriri mai sauƙi. Farashin hakan shi ne rufin wayoyi mai kauri, da tazara mai faɗi tsakanin ƙarafa masu ɗauke da wuta, da kayan infata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda inji ke aiki da ita) masu jure babbar wuta.

Ina so mai karatu ya dubi mahaɗa guda ɗaya kawai, inda harshen ƙwaya ya haɗu da falankin jan ƙarfe. Idan an ɗaure notin da ƙarfin da ya dace, an goge fuskokin biyu tas, turjiyar wurin ba a ma maganarta. Amma a ce girgizar hanya ta sassauta notin, ko wani ɗan tsatsa ya shiga tsakani, turjiyar ta kai kashi ɗaya cikin dubu na om, ma'aunin turjiyar wuta. A kan amfiya 150, wannan ɗan wuri da bai fi faɗin farce ba zai riƙa fitar da zafi wat 22 da ɗoriya. A kan amfiya 440 ya kusa wat 200. Zafin ya narkar da robar da ke riƙe da notin, notin ya ƙara sakewa, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, kuma ƙwayar da ke maƙale da wurin ita ke shan duka. Mahaɗa irin wannan sun fi ɗari a batir ɗaya. Shi ya sa ake amfani da noti mai kulle kansa ko a yi walda da hasken leza, a auna turjiyar kowace mahaɗa a rubuta, sannan a sa wa batirin lodi a duba shi da kyamarar ganin zafi tun yana kan teburi. Wurin da ya fi saura haske a hoton, nan ne za a kwance.

Ƙwayar litiyom ba ta son zafi, ba ta kuma son sanyi. Dokar Formula Student ta tsayar da iyaka a digiri 60, ko abin da kamfanin ƙwayar ya ƙayyade idan bai kai haka ba. Idan zafi ya yi nisa, siririyar takardar da ke raba ɓangarori biyu na cikin ƙwaya tana narkewa, su haɗu, ƙwayar ta kama ci da kanta ta kunna ta kusa da ita. Irin wannan gobara tana da wuyar kashewa, domin sinadaran ciki suna samar da iskar da ke rura ta. Idan kuma sanyi ya yi yawa aka tura mata caji da ƙarfi, litiyom yana daskarewa ya zama ƙarfe a fuskar ciki, ƙwayar ta lalace har abada. Wahalar ita ce sassa uku ne ke buƙatar sanyaya kuma kowanne da zafin da yake so. Injin zai iya aiki a zafin da ya haura digiri 100, infata tana ƙasa da haka, batir shi ne mafi raki. Lagireto kuwa da bambancin zafi yake aiki: ruwan injin fetur mai digiri 100 yana saurin zubar da zafinsa ga iska mai digiri 35, amma ruwan batir mai digiri 50 tazararsa da iskar 15 ce kawai, don haka yana buƙatar lagireto babba a kan ɗan zafi kaɗan. Galibi akan raba hanyar ruwa biyu, ɗaya ta batir, ɗaya ta inji da infata. Kuma kowace ƙofar iska da aka buɗe wa lagireto ƙarin turjiya ce da ke cin caji.

Kwamfutar kula da batir tana auna bolt ɗin kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, tare da zafin wani kaso daga cikinsu. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, batir yana ƙarewa ne lokacin da ƙwaya mafi rauni ta ƙare. Ko sauran 139 suna da saura, da zarar guda ta faɗi ƙasa da iyaka dole a yanke wuta. Saboda haka masu haɗa batir na ƙwarai sukan sayi ƙwayoyi fiye da buƙata, su gwada kowace, su ware waɗanda suka yi daidai da juna a riƙon caji da turjiya, sauran a ajiye.

Yanzu ga birki, wanda a ganina shi ne wurin da rahotonku ya fi yin rowa. Mota mai kilo 850 da ta rage gudu daga kilomita 200 a awa zuwa 60 tana zubar da makamashi kusan sulusin kilowat-awa ɗaya. Idan cikin daƙiƙa uku ta yi haka, ƙarfin ya kai kilowat 400. A motar fetur ta gargajiya duk wannan zafi yake zama a faifan birki iska ta kwashe. A motar lantarki injin yana juyewa ya zama janareta, ya riƙe taya, ya mayar da wutar cikin batir. Motar Formula E ta zubi na uku, wadda ta fara tsere a Janairun 2023, an gina ta ne kacokan a kan wannan. Tana da inji a baya mai kilowat 350, da wani a gaba mai kilowat 250 wanda da farko aikinsa mayar da wuta kawai, jimla kilowat 600 na birkin lantarki. Masu gasar sun ce sama da kashi 40 cikin 100 na makamashin da ake tsere da shi daga birki yake dawowa. Wannan ne ya ba su damar rage batirin zuwa kilo 284 alhali ƙarfin motar ya ƙaru.

Amma birkin lantarki yana da sharaɗi: sai batir yana da wurin karɓa. A zagayen farko batir a cike yake, idan aka tura masa wuta da ƙarfi bolt ɗin ƙwayoyi zai haura 4.2, kwamfuta ta hana. Haka idan ya yi zafi. Ke nan ƙarfin riƙon da inji ke bayarwa yana canjawa daga kwana zuwa kwana, direba kuwa yana buƙatar duk lokacin da ya taka feda da ƙarfi iri ɗaya mota ta amsa iri ɗaya. Maganin shi ne a raba feda da birkin kai tsaye: feda ta gaya wa kwamfuta yawan riƙon da ake so, kwamfuta ta duba abin da batir zai iya karɓa a wannan ƙiftawar ido, ta cike ragowar da birkin mai, wato birkin faifai na gargajiya. Idan rabon birki tsakanin tayoyin gaba da na baya ya karkata baya fiye da kima, tayoyin baya su kulle mota ta juya. Idan ya karkata gaba, mota ta ƙi shan kwana ta zarce. Akwai kuma faifan birki na kabon da ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi, ga shi inji ya ƙwace masa yawancin aikin, sai ya huce, ranar da aka neme shi da gaggawa a same shi da sanyi. Masu zanen zubi na uku sun cire birkin mai na baya gaba ɗaya, amma bayan haɗurran da aka samu a gwaji, inda wuta ta ɗauke, mota ta rasa abin tsayar da ita, sai da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta sa aka ƙara birkin gaggawa a baya a farkon kakar 2023. Ina ganin wannan gyara ya kamata a ce da shi aka fara, domin duk tsarin da ya dogara da wuta kafin mota ta tsaya dole a tambaye shi abin da zai faru idan wutar ta tafi.

Injin kansa ba shi da yawan magana. Yawanci mai maganaɗisu ne na dindindin, ƙarami, yana juyawa sau dubbai masu yawa a minti, yana ba da cikakken ƙarfin murɗawa tun daga tsaye. Motar 2014 giya biyar gare ta, amma da aka bar kamfanoni su ƙera nasu injin sai giyar ta riƙa raguwa har aka tsaya a guda ɗaya, domin kowane canjin giya ɓata lokaci ne, kowane haƙori kuma asarar makamashi. Abu biyu ake tsoro. Idan maganaɗisu ya wuce zafin da zai iya jurewa yana rasa ƙarfinsa kuma ba ya dawowa. Na biyu, inji mai gudu sosai yana haifar da tasa wutar wadda za ta iya fin ta batir, infata ce ke danne ta. Idan infata ta mutu ana tsakiyar gudu, wutar za ta kwarara baya ba linzami, tayoyi su riƙe ba zato. Dole a tsara abin da infata za ta yi a wannan hali tun a kan takarda. Infatocin zamani da sinadarin silikon kabaid ake yin makunnansu, saboda suna buɗewa da rufewa da sauri ba tare da zubar da zafi mai yawa ba. Sai dai wannan saurin yana watsa hayaniyar lantarki da ke rikita siraran wayoyin na'urorin awo, kwamfuta ta ga zafi ko gudun da babu shi ta kashe mota. Ana raba hanyar manyan kebul da ta ƙananan wayoyi, a sa masu sulke, a murɗa su biyu-biyu.

Ƙarfin murɗawa kuwa ba shi da amfani idan taya ba ta riƙe ƙasa ba. Ɗaliban ƙungiyar AMZ na jami'ar ETH da ke Zurik da takwarorinsu na Luzan a ƙasar Suwizalan sun nuna iyakar abin a watan Satumban 2023, lokacin da motarsu mai kimanin kilo 140 ta tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 0.956, a tazarar mita 12.3. Inji huɗu suka sa, ɗaya a kowace taya, sannan suka ƙara fanka mai zuƙe iska daga ƙarƙashin motar don ta manne da ƙasa tun kafin ta motsa. Inji a kowace taya yana ba kwamfuta damar ƙara wa tayar waje ƙarfi a kwana ta rage wa ta ciki, amma nauyin da ke rataye a taya yana wahalar da shakazoba.

Fuka-fukai ma da lissafin caji ake zana su. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninka takwas idan gudu ya ninka biyu. Fiffiken da ke danna mota ƙasa ya ba ta gudu a kwana, shi ne kuma ke shanye batir a miƙaƙƙen layi, don haka motocin Formula E ba su da dannawa irin ta Formula 1, kuma da gangan aka yi. Direba ma yakan ɗaga ƙafa daga totur tun kafin wurin birki ya bar mota ta sulala, saboda mitocin ƙarshe na layi su ne mafi tsada a caji kuma mafi ƙarancin riba a lokaci. Batirin ana ajiye shi ƙasa-ƙasa a bayan kujerar direba, kusa da tsakiyar mota, cikin akwatin da aka gwada da duka da matsi. A tuna cewa zaren kabon da ake yin gangar jiki da shi wutar lantarki tana bi ta cikinsa, saboda haka cikin akwatin sai an shimfiɗa abin da lantarki ba ya ratsawa kuma ba ya ƙonewa.

Wannan ya kawo ni ga tsaron rai, wanda nake roƙon ku ba shi fili na musamman idan za ku sake taɓa batun. Babbar wutar motar ba ta haɗe da gangar jiki ta ko'ina, kuma akwai na'urar da ke auna wannan rabuwa dare da rana. A Formula Student idan ta faɗi ƙasa da om 500 a kan kowane bolt, manyan makunnai biyu da ke bakin batir suna buɗewa, wuta ta yanke. Waɗannan makunnai a buɗe suke bisa ɗabi'a, ƙaramar wuta ce ke riƙe su a rufe, kuma wayar da ke kai musu ita tana bi ta maɓallan gaggawa da na'urar jin karo da kwamfutar batir a jere. Ko'ina aka yanke, wuta ta ɗauke. Kafin a gama rufe su kuma sai an fara cika kafasitocin infata, ƙananan ma'ajiyan caji, a hankali ta cikin rizista mai rage ƙarfin wuta har su kai kashi 90 cikin 100 ko sama. Wanda ya tsallake wannan mataki, wutar farko za ta afka da ƙarfin da zai yi wa makunnin walda a rufe, ya zama an danna maɓallin gaggawa amma wuta na nan. Bayan an kashe mota, doka ta ce cikin daƙiƙa biyar wutar da ke wajen batir ta sauka ƙasa da bolt 60. Fedar totur na'urorin awo biyu gare ta masu zaman kansu, idan suka saɓa da fiye da kashi 10 cikin 100 na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a yanke wa inji wuta. Kafin a bar motar ɗalibai ta shiga fili ana fesa mata ruwa na minti biyu da wuta a kunne, a jira wasu minti biyu, a ga ko na'urar rabuwa za ta yi ƙara.

A Formula E akwai fitila a jikin mota: kore, a taɓa, ja, kada a taɓa sai da safar hannu ta roba mai hana wuta. Idan ta nuna ja, ana koya wa direba ya hau saman motar ya yi tsalle da ƙafa biyu lokaci ɗaya, kada ya kuskura hannunsa na jikin mota ƙafarsa na ƙasa. Ina fatan za ku buga wannan gyara a shafin da rahoton ya fito, domin ɗaliban da suka karanta na farko su ga na biyu.

Wassalam.

Naku,
Wani injiniyan lantarki, mai karanta jaridarku